Na iya ɗinki amma sai an nuna mini hoto: yaya zan fara fito da salon kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina koyon ɗinkin mata, ina haɗa riga da siket da doguwar riga ba tare da an tsaya a kaina ba. Damuwata biyu ce. Ba na iya fito da salo sai an nuna mini hoto a waya, sannan hannuna ya tsaya wuri guda, aikin bana da na bara duk ɗaya. Shin baiwa ce ban samu ba, ko akwai hanyar da ake bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a sana'a. Damuwar nan biyu tushensu ɗaya, kuma rabon baiwa a ciki ɗan kaɗan ne. Tela ba ta tuno salon da hannunta bai san yadda ake haɗa shi ba. Ko da ya faɗo mata a rai, tsoron ɓata wa mutane yadi zai sa ta ture shi ta koma wa wanda ta saba. Don haka da hannun za mu fara.

Abin da ya sa aikin bana ya yi kama da na bara shi ne kina ɗinki kullum amma ba kya atisaye. Aikin kwastoma aikin fita kunya ne: ki yi abin da kika iya, ki kauce wa wanda ba ki iya ba, in wuya ya ɗan karkace ki danne shi da dutsen guga ko ki rufe da duwatsun ado, a biya ki a wuce wurin. A riga guda sau ɗaya kike ɗinka wuya, sau ɗaya kike sa zif, kafin ki sake haɗuwa da su kin manta inda kika kuskure. Ana iya kwashe shekara 10 a haka hannu bai ƙaru da komai ba sai sauri. A 1993 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Anders Ericsson da abokan aikinsa suka yi nazari a kan ɗalibai masu koyon gogen Turawa a wata makarantar kiɗa da ke Berlin a Jamus. Abin da ya fi raba gwanayen cikinsu da sauran shi ne yawan lokacin da suka tara suna atisaye su kaɗai, irin wanda aka tsara don gyara wani takamaiman rauni. Mu ma mun san wannan tsari a makarantar allo: a rubuta wa yaro ɗan kaɗan, ya yi ta nanatawa, ya biya wa malam a gyara masa, sai ya zauna daram sannan a wanke a ƙara. Haka za ki yi wa riga. Ki rarraba ta gaɓa-gaɓa, wuya daban, hannu daban, zif daban, kalmasa daban, ki riƙa kama ɗaya kina nanatawa har ta zauna.

Kafin ki zargi hannunki, ki tabbatar ba keken ne yake cutar ki ba, domin masu koyo da yawa suna ɗaukar laifin da ba nasu ba. Allura mai lamba 14 ita ce ta atamfa da shadda, 11 ta yadi mai laushi irin su shifon da shafi, 16 zuwa 18 ta mai kauri. Allurar keken gida irin su Butterfly tana da gefe guda shafaffe a gindinta, ta babban keken wuta na masana'anta kuwa zagayayya ce, ba a musanya su. Kowace allura tana da dogon kwari a jikinta, ta wannan gefen zare yake shiga. In kika juya ta ko ba ta kai ƙarshen raminta ba, keke zai riƙa tsallake ɗinki. In ta fara ƙara ƙas-ƙas a kan yadi ko tana jan zaren saƙar, ta dakushe, ki cire ta. Tsawon taku kuma 10 zuwa 12 a inci guda ya isa ɗinki na yau da kullum, sai in tattara za ki yi ki buɗe shi ya koma kamar 6.

Ga gwajin da nake so ki yi yau: baƙin zare a sama, fari a kwarkwaro, ki ninka farin ƙyalle biyu ki ɗinka layi. In kika juya kika tarar baƙin ya yi ta lauje-lauje a ƙasa, zaren sama ne ya yi sako-sako. Yawanci an zura shi ne ƙafar da ke danne yadi tana ƙasa, bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba, sai ki ɗaga ƙafar ki sake zurawa tun daga farko. In farin ne ya leƙo sama, kin matse na sama da yawa. In ɗinkin ya tattare yadin, ko matsin ya yi yawa ko takun ya yi wa yadin tsawo. Ki bar sukurun gidan kwarkwaro sai kin gama duba duk waɗannan, kuma ki goge auduga da ƙurar da ke taruwa a haƙoran keke, ki ɗiga mai.

Miƙaƙƙen layi ba zai ci miki lokaci ba. Ki cire zare, ki sa tsohuwar allura domin takarda tana kashe kaifi, ki bi layukan littafin rubutu, sannan kusurwa, sannan da'ira mai shiga ciki. A kusurwa allura tana cikin takarda ake ɗaga ƙafa a juya. Ki liƙa salatif a farantin keke rabin inci daga allura, idonki a kan bakin yadi da salatif ɗin, kada ya bi allura, mai kallon allura ita ce layinta yake rawa. Hannu jagora kawai yake yi, haƙora ne ke ja. In kin ɗinka layi 10 masu inci 12 kika auna kowanne a wuri uku, bambancin bai wuce kaurin tsinken ashana ba, kin wuce nan.

Wuya ne nake so ki daɗe a kansa, domin shi ne abin da ido yake fara sauka a kai, kuma shi ya fi tona asirin tela. Ki samo yadi mai araha ko tsohon zanin gado, ki yanka guda 20 masu inci 12 kowane gefe. Ki zana zagayayyen wuya a kwali sau ɗaya, faɗi inci 3 da rabi daga ninki, zurfi inci 4, ki yanka duka 20 ɗin da shi don kada awo ya shiga cikin abin da kike gwadawa. Da kin yanka, kafin komai, ki bi bakin wuyan da ɗinki guda ɗan nesa kaɗan da baki, daga kafaɗa zuwa tsakiya, ki koma ɗaya kafaɗar ki sake gangarowa tsakiya. Dalili kuwa, yankan wuya yana ratsa saƙar yadi a karkace, wurin da yadi ya fi miƙewa, ɗaga shi da ajiye shi kawai ya isa ya ƙara masa rabin inci. Wuyan da kika gani ya saki baki ya ƙi kwanciya a ƙirji, tun a tebur ya miƙe. Ƙyallen da za a juya ciki ya zama faɗinsa inci 2 zuwa 2 da rabi, a manna masa gam da dutsen guga, a danna a ɗaga, ba a goga ba. Ki haɗa fuska da fuska ki ɗinka a rabin inci, ki rage bakin ya koma kwatan inci, sannan ki tsattsaga shi da bakin almakashi kowane rabin inci, ki tsaya dab da zare ba ki taɓa shi ba. In ba ki tsaga ba, in kin juya zai tattare ya yi tudu, domin bakin yadin da ke ciki ya fi layin ɗinki gajarta, ba shi da inda zai buɗe. Sai matakin da yawancin masu koyo suke tsallakewa: ki buɗe ƙyallen cikin, ki tura bakin ɗinkin ƙarƙashinsa, ki bi shi da layi guda dab da mahaɗa. Wannan layin shi ke hana na ciki leƙowa waje bayan wanki. In wuya mai tsini ne, ki rage taku inci guda kafin tsinin da inci guda bayansa, ki juya yadin allura tana ciki, ki tsaga har bakin zare, in ba haka ba tsinin zai yi ƙulli.

Ki rubuta lamba a kowanne, 1 zuwa 20. Bayan kowane biyar ki jera su a tebur ki nemi aibi guda ɗaya da ya fi maimaituwa, shi kaɗai za ki sa a gaba a biyar na gaba. Kada ki ce za ki gyara komai lokaci guda, hankali ba ya riƙe fiye da gyara ɗaya yayin da ƙafa take kan feda.

Da irin wannan tsari za ki bi sauran. Kan hannun riga ya kamata ya ɗara zagayen hamata kaɗan, a atamfa mai tauri rabin inci zuwa inci 1, a yadi mai laushi har inci 1 da rabi. Ki yi layi biyu na dogon taku a saman, ki ja kaɗan ya lanƙwasa ba tare da ya yi tattara ba, ki sa alama gaba da baya domin ramin gaba ya fi na baya zurfi, in kika musanya su hannu zai murɗe. Ɗinkin da ake tsukewa don riga ta bi ƙirji, wanda teloli ke ce wa dat, yana tsayawa inci 1 kafin tsinin ƙirji. Daga faɗi ake farawa a ƙare a tsini, takun ƙarshe biyu ko uku su bi bakin ninki, a ƙulla zaren da hannu. Komawa da baya a tsinin shi ke kawo ɗan ƙullutun nan da guga ba ta kwantar da shi. Zif kuma in ya yi tudu kamar igiyar ruwa a baya, yadin ne aka ja ya miƙe a kan zif ɗin. Ki manna siririn gam mai faɗin inci 1 a bakin kafin ki sa, ki ɗinka ɓangarorin biyu daga sama zuwa ƙasa, bayan na farko ki rufe zif ɗin ki sa alli a daidai mahaɗar ƙugu a ɗaya gefen don layukan su haɗu.

Za ki ji manya suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma gaskiya ne, akwai telolin da suke yanka da alli kai-tsaye riga ta zauna. Sai dai idon nan awo ne ya koya masa, shekara da shekaru. Ke a yanzu ki riƙa kintata da ido, ki faɗi adadin, sannan ki sa tef ki ga tazarar da ke tsakani. Da haka ido yake koyo.

Maimaici ba tare da mai nuna kuskure ba yana kafa kuskuren ne a hannu. Ki kai wa uwar ɗakinki samfur na 5 da na 15, kuma kada ki ce "ya yi kyau?", domin za ta ce ya yi don kada ta karya miki gwiwa. Ki ce, "Anti, in ke ce za ki farke wuri guda a nan, ina ne?" Rigar ma tana faɗin laifinta in an sa ta a jiki. Layukan da suka kwanta a gicciye suna nuna ta matse a wurin. Ninkin da ya sauko a tsaye yana nuna faɗi ya yi yawa. Waɗanda suka tafi a karkace kuwa suna nuni ne zuwa inda yadi bai isa ba, yawanci ƙirji, kafaɗa ko mazaunai. Ki sa mai rigar ta ɗaga hannu, ta zauna, ta sunkuya, ki duba gaba da gefe da baya. Kuma ki sayi riga ɗaya mai kyan ɗinki a gwanjo ki farke ta da reza a hankali, kina rubuta abin da ya fara fita. Jerin da kika samu, in kika karanta shi daga ƙasa zuwa sama, shi ne yadda aka haɗa ta. Ki goge gutattsarin, ki auna, ki mayar da ita yadda take.

Batun lokaci, minti 45 zuwa awa 1 kullum da safe kafin ki taɓa kayan mutane ya fi ki tara shi duka ranar da ba aiki. An gwada wannan a Birtaniya, a binciken da Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman suka wallafa a 1978, inda aka koya wa ma'aikatan gidan waya buga rubutu a madannai irin na tafireta. Waɗanda aka ba awa 1 a rana sun iya da mafi ƙarancin jimillar sa'o'i, masu awa 4 a rana su suka fi cin lokaci. Ki bar agogo sai aikin ya daidaita, in kika sa sauri tun da wuri, kuskuren ne zai yi sauri. Kada kuma ki ce za ki koyi sabon abu a goman ƙarshe na azumi kaya sun cika shago. Makonnin bayan Sallah da aiki yake ja baya su ne naki.

Yanzu ga salo. Yawancin abin da kike gani a hoto kina mamaki, tushen riga guda ne aka juya. Ki yanka wannan tushen a kwali da awon jikinki: gaba, baya, hannu, siket miƙaƙƙe, babu ado. Ki ɗinka shi a yadi mai araha ki yi ta gyara har ya zauna. Sannan ki yi ƙaraminsa, kowane awo ki raba biyu, domin da shi za ki yi wasa, kwatan yadin babba kawai yake ci.

Ki kwafi gaban a takarda, ki ɗiga alama a tsinin ƙirji. Ki ja layi daga tsakiyar kafaɗa zuwa alamar, ki tsaga shi da almakashi, ki rufe tsohon dat ɗin da salatif. Za ki ga sabo ya buɗe da kansa a kafaɗa, sai ki ja tsininsa baya da inci 1. Zaman rigar a jiki bai canza ba ko kaɗan, amma fuskarta ta canza. Ki maimaita daga hamata, daga wuya, daga tsakiyar gaba, daga can ƙasan gefe. Buɗin da kika samu ba dole ne a ɗinke shi a tsuke ba: a wuya ana iya mayar da shi tattara, ana iya raba shi ƙananan ninki uku, in kuma kika haɗa na hamata da na ƙugu da lanƙwasasshen layi kin sami yankan firinses, wanda yake ba ki damar sa yadi kala biyu. Hannu ma haka. Ki ja layi 5 daga sama zuwa ƙasa. In kika tsaga daga ƙasa kika bar saman a haɗe, kika buɗe kowanne inci 1 zuwa 2, kin sami hannu mai buɗaɗɗen baki. In daga sama kika tsaga kika bar ƙasan, kika ƙara wa kan tudu inci 1, kin sami mai kumburi a kafaɗa. In kika raba su gaba ɗaya kika jera da tazara, tattara sama da ƙasa ke nan. Mako biyu kina wannan, za ki fara kallon hoto kina ganin inda aka tsaga da inda aka buɗe, kuma daga ranar hoton ya daina fin ƙarfinki.

Akwai lissafin da dole ya zauna a kanki, domin salon da bai san yadi ba zane ne kawai. Tattara a atamfa tana son ninki 1 da rabi zuwa 2 na faɗin wurin, shifon har 3. Ninkin da ake kwantarwa ɗaya dab da ɗaya yana cin ninki 3. Siket mai cikakkiyar da'ira, ki raba awon ƙugu da 6.28 ki sami inda za ki fara yanka daga kusurwa: ƙugu 30 zai ba ki inci 4 da kwata uku. Rabin da'ira a raba da 3.14, wato inci 9 da rabi. Turmin atamfa yadi 6 ne, faɗinsa wajen inci 45. In tsawon siket 40 ne, cikakkiyar da'ira za ta cinye yadi 5, saura 1 ba zai fitar da riga da hannu da ɗankwali ba, ga shi zanen atamfar zai kwanta a gicciye a wasu wuraren. Wadda ta san wannan tun a takarda za ta koma rabin da'ira ko siket mai gutsure 6. Kuma duk abin da aka yanka da'ira a rataye shi ya kwana kafin kalmasa, domin wuraren karkace suna zubowa su fi sauran tsawo.

Da gaɓoɓin sun taru a hannunki, ki buɗe littafi ki ja ginshiƙi uku: wuya 6 da kika iya, hannu 6, ƙasan riga 5. Haɗuwarsu riga 180 ce. Da yawa ba za su yi kyau ba, wasu ma ba za su ɗinku ba, amma a ciki akwai waɗanda ba za su taɓa faɗo miki ba in kina zaune kina jiran tunani ya zo. Ki yanka ɗan siffar mutum a kwali mai tsawon inci 3, ki zagaya shi sau 30 a takarda, ki ba kanki minti 20 ki sa wa kowanne riga, ba gogewa, ba tsayawa duba kyau. Ba a neman iya zane a nan. Goman farko za ki ga duk abin da kika saba gani ne a gidan biki, haka kan kowa yake, na kusa yake fara miƙowa. Wajen na 18 ko na 20 za ki ji kin ƙare, to kada ki tashi, abin da ke fitowa bayan nan shi ne ya fi zama naki. Ki rufe littafin sai gobe sannan ki zaɓi 3. Fitarwa da tacewa ba sa haɗuwa a zama ɗaya, in kina zana kina kushewa, hannu zai noƙe ya koma inda ba a kushe shi.

Waya kuma a ajiye ta kafin zane, a ɗauko bayansa. A 1991 David Jansson da Steven Smith a Amurka sun ba ɗaliban injiniya aikin zana abubuwa, har da kofin da ba ya zubar da abin sha. Waɗanda aka fara nuna wa misali sun yi ta maimaita siffofinsa, har da waɗanda aka ce musu kada su sa. Abin da ke faruwa da ke ke nan: hoton da kika gani da safe shi ke riƙe miki hannu har dare. In za ki kalli hoto, ki ɗauki abu guda a cikinsa, ki rubuta shi da kalmomi, misali "hannu mai ninki uku a gwiwa", ki rufe wayar ki ɗora shi a kan wata riga daban.

Inda na fi so ki nemi salo shi ne wajen matan da kike ɗinka wa, domin yawancin hotunan nan ba don rayuwarsu aka yi su ba. Mace za ta yi alwala sau da yawa a rana, hannun da ba ya naɗuwa ya wuce gwiwa aibi ne komai kyansa, to yaya za a yi shi tsukakke kuma ya buɗe? Maɓalli uku, ɓoyayyen zif, ko roba a cikin kalmasa, kowanne salo ne. Mai shayarwa tana son gaba ya buɗe ba tare da an gane ba, layin firinses ko ƙarƙashin ninki yana ɓoye zif. Wadda za ta hau adaidaita sahu da siket miƙaƙƙe tana bukatar ninki a baya wanda zai buɗe in ta taka ya rufe in ta tsaya, ba tsaga ba. Wadda take yafa babban mayafi, bakin hannu da ƙasan riga ne ake gani, can ya kamata aikin ya sauka, ba a ƙirjin da zai rufu ba. Ki riƙa tambayar kowace kwastoma abin da ya fi damun ta a kayan da take da su, ki rubuta.

Yadin ma yana da abin faɗa. Kafin ki sa alli, ki shimfiɗa atamfar gaba ɗaya ki ja baya ki dube ta: ina zanen ya nufa, bayan inci nawa yake dawowa, akwai bakin da ya bambanta da tsakiya? Babban fure yana son yanki mai faɗi da ba a daddatsa ba, kuma a kula kada ya sauka a tsinin ƙirji ko tsakiyar mazaunai. Mai ratsi kuwa juya shi kawai ado ne, jiki a tsaye, hannu a kwance, ko a haɗa shi a karkace ya yi tsini a tsakiya. Zagaya guda a Kantin Kwari da littafi a hannu, kina taɓa yadi kina murza shi ki ga yadda yake zubowa, ya fi awa uku a Instagram amfani. Ga kuma abin da muke da shi a gida wanda ba a cika waiwaya ba: aska biyu da aska takwas na babbar riga, zanen bangon tsofaffin gidajen Kano da Zariya da Damagaram, ɗaurin rinin Ƙofar Mata, zanen ƙwarya da na faifai. Ba a kwaso su ɗungurungum. Siffa guda ake ɗauka, a ce tsinin aska, a mayar da shi yankan bakin hannu ko mahaɗar yadi biyu a gaba. Ina roƙon ki kuma, ado ya taru wuri guda. In hannu ya ɗauki aiki, wuya ya huta. Rigar da aka cika wa duwatsu da leshi da tattara ko'ina, sau da yawa yankan ne bai zauna ba ake ɓoyewa, kuma masu ido suna ganewa.

Cikin ukun da kika zaɓa daga zanenki 30, ki fara ɗinka kowanne a ƙaramin awo, nan za ki gane wanda zif ba shi da wurin shiga ko wanda kai ba zai wuce wuyansa ba. Wanda ya tsira ki ɗinka wa kanki shi da yadinki, ki sa shi wuni guda, ki wanke ki goge, domin wanki ne yake fallasa shafin da ya shige ya ja riga, da yankan da ya kauce wa tsayin saƙa ya murɗe. Ki rubuta yadin da ya ci da sa'o'in da ya ɗauka, da su za ki yanke kuɗin ɗinki. Sabon salo ba a fara gwada shi a kayan Sallar wata ko na amarya. In za ki shigar da shi aikin kwastoma, ki nuna mata wanda kika ɗinka ta gani ta taɓa, ki canza gaɓa ɗaya kawai a kan rigar da kika saba yi mata, kuma ki bar inci 1 a kowane gefe na ciki saboda gyara.